Me ake nufi da "in fits and starts", kuma a ina ake sa shi?

Ɗalibi, Gwale:
Assalamu alaikum malamai. A cikin tambayoyin Turanci na shirin WAEC akwai wannan jimla: "The lorry moved in fits and starts." Shin tafiyar hawainiya ake nufi? Kuma zan iya amfani da shi in kwatanta gosulon Kantin Kwari?

Malamin Turanci, Fagge:
Wa'alaikumus salam, ƙanena. Tafiyar hawainiya jinkiri ce kawai. Wannan kuwa tafiya ce ta a fizga, a tsaya, a sake fizga, babu tsari. Ka dubi A Daidaita Sahun da fuloginta ya yi datti: ta zabura, ta yi kamar za ta mutu, ta sake zabura, fasinja na ta gware da ƙarfen gabansa. To ita ke nan.

Inda ɗalibai ke ruɗewa shi ne "start". A nan ba farawa ake nufi ba, zabura ce, irin ta wanda aka firgita. "Fit" kuma abin da ke taso wa mutum farat ɗaya ne ya lafa, kamar tari ko farfaɗiya. Tun ƙarni na 17 Turawan Ingila ke haɗa su haka.

Malama, Tarauni:
Malam ya gama bayanin ma'ana, bari in ƙara ƙa'ida, don nan ake asarar maki. Ba a juya shi a ce "starts and fits". Kalmomin biyu dole su zo a jam'i, kuma ba a sa musu "the". A farkonsa "in" ake sawa. "By" ma daidai ne, sai dai tsohon salo ne. Mazauninsa bayan aikatau: "She slept in fits and starts", wato barcinta a yayyanke yake. Ya fi yawa ma a kan aiki, ba mota ba, kamar ginin da ake ɗora bulo idan kuɗi ya samu, a bar shi wata da watanni. In siffa kake so kafin suna, ka ce "fitful sleep".

Mai fassara, Sabon Gari:
Kan batun gosulo, ɗan'uwa, za a fahimce ka, amma akwai wanda ya fi dacewa. Amurkawa "stop-and-go traffic" suke cewa, mutanen Ingila kuma "stop-start traffic". Wutar lantarki ko ruwan sama da ke zuwa yana ɗaukewa, "on and off" ne nasu.

Kada kuma ka sa shi ga abin da ke tsayawa bisa ƙa'ida. Motar da ke tsayawa a kowace danja ba ta shiga ciki, tunda an san lokacin tsayawarta da tashinta. Haka kwan-gaba kwan-baya: can akwai komawa baya, nan kuwa gaba ake yi, sai dai da yankewa.