"Furesha": ƙarfin ruwa za mu ce, ko matsin ruwa?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kalmar da nake so mu tsayar da shawara a kanta ita ce "furesha" (wato "pressure" ta Turanci), wadda ba ta barin bakin masu gyaran famfo a nan Abuja, musamman a unguwanni irin su Lugbe da Karu da Kuje, inda gidaje da yawa suka dogara da rijiyar burtsatse saboda ba kowa ne ruwan madatsar Usuma yake kai wa ba.

Mafi yawanmu "ƙarfin ruwa" muke cewa, kuma ba na musun cewa ita ce ta fi daɗi a baki. Damuwata ita ce kalmar ta haɗa abubuwa biyu da bai kamata a haɗa ba: yadda ruwa yake tura bangon bututu ko da famfo yana rufe, da kuma yawan ruwan da yake zubowa idan an buɗe. Na farkon shi ne furesha. Na biyun muna da sunansa tun fil azal, wato kwarara.

A bazarar bara ruwan banɗakin bene a gidanmu ya koma tsiyaya. Na ce wa mai gyara ruwa ba shi da ƙarfi, shi kuma nan take ya ce a sayi injin jawo ruwa da ya fi girma. Ashe injin lafiyarsa ƙalau, tanki yana cika kamar kullum. Rairayi ne ya toshe matatar ruwa, ga kuma yoyo a wata gwiwar bututu da aka binne a gindin katanga. Da na iya faɗa masa cewa kwarara ce ta ragu, da tun farko wurin toshewa ya nufa.

Saboda haka shawarata ita ce "matsin ruwa". Wani ɗan'uwa ya ce matsi yana kai hankali ga matsin rayuwa da matsin lamba, amma ni a ganina wannan hujja ce a gare ta, domin a duk wuraren ma'anar ɗaya ce: wani abu yana danna wani. "Hawan ruwa", da aka kwaikwaya daga hawan jini, ba za ta yi ba, domin mai sauraro zai ɗauka ruwa ne ya ƙaru a rijiya bayan damina.

Ku gwada ta a jimla ku ji. A gidan da tanki yake bisa hasumiya, matsin ruwa daga tsayi yake zuwa, ba daga girman tanki ba: kowace mita 10 tsakanin saman ruwan tanki da bakin famfo tana ba da matsi na kusan kilogiram 1 a kan murabba'in santimita. Shi ya sa famfon tsakar gida yake feshi, na bene kuwa yana lallaɓawa, alhali tankinsu ɗaya. Idan ana zargin yoyo, sai a rufe famfuna duka da dare, a yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya, a duba da asuba. Idan kuwa famfo yana tari yana fitar da iska, to ko dai ruwan rijiya ya ja baya, ko kuma ruwa yana komawa ƙasa bayan an kashe inji.

Wannan ya kawo ni ga bawul ɗin da ake sa wa bututu domin ya bar ruwa ya hau amma ya hana shi dawowa. Ni "bawul ba-komawa" nake kiransa. Malamai masu wannan sana'a, na Abuja da na Jos, idan akwai sunan da kuke kiransa da shi a bakin aiki, ku taimaka mana da shi, domin naku ne ya fi cancanta a rubuta.