Ni AS, shi ma AS, ya ce ai an samo maganin sikila

Assalamu alaikum. Admin a ɓoye sunana don Allah. Har an kawo kuɗin gaisuwata, sai gwaji ya nuna ni AS, shi ma AS. Umma ta ce a haƙura. Shi kuwa ya kafe, wai Turawa sun gano gyaran ƙwayoyin halitta, ko mun haifi mai sikila za a gyara shi. Shekararmu huɗu tare. Da gaske ne? Kuma ya halatta?

Wata ma'aikaciyar jinya: Ƙanwata, maganin akwai shi, sunansa Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamba 2023, Amurka a Disamba. Daga ɓargon mara lafiya ake samo ƙwayoyin da ke haifar da jini, a gyara su da fasahar gyaran ƙwayoyin halitta da ake kira CRISPR, yadda jiki zai koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa. Kafin a mayar da su sai an ƙone tsohon ɓargon da maganin cutar daji mai ƙarfi, kuma wannan kan iya hana haihuwa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2, ban da kwanciyar asibiti. Tambaye shi ina zai samo su.

Wani ɗan'uwa: Kan halacci ki samu malami ki zauna da shi. Amma gyara jinin mara lafiya daban, taɓa ɗan tayi daban. Wanda ya yi na biyun a Sin a 2018, He Jiankui, shekara uku aka ɗaure shi. Kuma wanda aka yi wa Casgevy yana nan da gadon sikilarsa, zai iya ba 'ya'yansa.

Wata uwa: 'Yata, ni ma haka aka lallashe ni, wai yaro ɗaya ne cikin huɗu zai zama SS. Ashe kowane ciki da nasa lissafin. Uku na haifa, biyu SS. Da sanyin hunturu ya shigo ba na barci. Ƙarfe biyun dare ina gasa wa yaro ƙafa da ruwan ɗumi yana cewa "Mama ki cire min ita". Babansu da ya yi ta rantse-rantse, yanzu ko neman jini ni nake bi gida-gida.

Wata: Ke dai ki yi istihara, ki bi maganar Umma.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Na tura masa abin da Anti nas ta rubuta tun la'asar. Ya karanta, har yanzu bai ce komai ba.