Tukunyar tangaran don bonsai na kuka: wacce zan ɗauka?

Abu Khalil: Salam 'yan uwa. Ina rainon wata 'yar kuka a matsayin bonsai, wato bishiyar da ake raino a tukunya ana hana ta girma, tsayinta santimita 45, kaurin gindinta 6, har yanzu tana cikin bokitin fenti. Na ga tukwane biyu: shuɗiya mai sheƙi amma ba huda a gindi, da ja marar sheƙi mai huda biyu. Wacce ta fi?

Mai Lambu: Dasa ta a ƙasa kawai, kuka ba ta son takura.

Abu Khalil: Malam, bonsai fa na ce.

Maman Hanan: Ƙanena, ka guji marar huda. Kariyata da na yi shekaru ina lallaɓawa, gindinta ya yi ƙiba, furen nan ja gwanin sha'awa, mai sayar da furanni ya ce in zuba tsakuwa a ƙasan tukunya ya wadatar. Ruwan Agusta ya kwanta a ciki. Ranar da na taɓa gindin, yatsana ya nutse, ga wari. Na koma masa, ya ce wai ni na cika ban ruwa. Naira 18,000 na saye ta, har yau raina na ɓaci.

Ɗan Zariya: Hajiya an cuce ki, irinta 6,000 na saya.

Maman Hanan: Wace shekara? Kuma tawa 'yar China ce.

Injiniya: Ƙa'idar Japanawa ita ce tsawon tukunya ya kai kashi biyu cikin uku na tsayin bishiya, naka santimita 30 ke nan, zurfi kuma daidai kaurin gindi. Tukwanen garin Tokoname na Japan da na Yixing na China da ake ji da su, yawanci marasa sheƙi ne. Ɗauki jar, ka sa raga a hudojin, ka ɗaure saiwa da waya.

Baban Sakkwato: Injiniya, ka taɓa rainon ko ɗaya, ko a YouTube ka gani? Zurfin santimita 6 a zafin Afrilu? Kafin azahar ƙasar ta bushe ƙayau.

Injiniya: Baba, kuka ruwa take ajiyewa a jikinta, tana jure fari.

Ɗan Zariya: Ni dai tambayata, ganyenta zai isa miya ɗaya?

Mai Lambu: Maginan tukwanenmu fa? Ka ba su awo su gina maka da yumɓu, da hudarta.

Maman Hanan: Kai, ku bar batun tukunya. Tsamiyar da na maye gurbin kariyar da ita, akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye ta tas, ta ture tukunyar ta fashe.

Baban Sakkwato: Wallahi mu ma haka. Ka yi magana a ce ba ka son zaman lafiya. Mai unguwa ma nasa awakin a sake suke.

Abu Khalil: To, jar ko shuɗiyar?

Ɗan Zariya: Ka fara gyara ƙyauren gidanka tukuna.