In kotu ta ce a yi shiru a kan shari'a

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi a majalisarmu ta Ƙofar Soro, da wani lauya a cikinmu. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinshi, amma shi wannan sashen da kuma na 45 sun bar ƙofar taƙaitawa, don kare martabar kotu da haƙƙin wasu, sashe na 36 kuma ya ba kotu damar hana jama'a shiga zaman shari'a don kare yaro ƙasa da shekara 18.

Shawarar da aka fi nanatawa, in alƙali ya ba da oda to ka bi ta ko da kana ganin zalunci ce, lauyanka ya koma ya nemi a janye ko ku ɗaukaka ƙara, kar ka hau Facebook kana zuba don raina kotu kan kai mutum gidan yari. Ka karɓi kwafin odar ka karanta, wa ta ɗaure, me ta hana, zuwa yaushe. Har muryar da ake turawa a WhatsApp ana iya gabatar da ita shaida.

Ni dai abin da ke damuna masu kuɗi da ke neman irin wannan oda don toshe bakin 'yan jarida, wannan kam ya kamata a ƙalubalance shi a kotu.