Katin zinare na kamfanin jirgi: riba ce ko ɗaure kai?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Maganar da muka faro jiya a rumfa nake so mu ƙarasa. Ina nan kan bakana: ɗan kasuwar da ke bin katin zinare na kamfanin jirgi, wato babban matsayin da kamfani ke ba masu yawan hawa jirginsa, asara yake yi. Kafin ka riƙe matsayin sai ka manne wa kamfani ɗaya shekara guda cur, ko da wani na sayar da tikitin Guangzhou da rahusa. Bara sau biyu ina barin tikiti mai sauƙi in sayi mai tsada don kawai mil ɗina, wato makin da kamfani ke tara wa fasinja a kowace tafiya, su cika. Da na zauna na buga lissafi, abin da na ɗora ya fi abin da aka ba ni.

Hajiya Mai Leshi: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka bar jaka a wajen lissafinka. Ethiopian da EgyptAir duk suna sauka Kano, kuma duk 'yan ƙawancen Star Alliance ne. Wanda ya kai zinare a ShebaMiles, shirin tara mil na Ethiopian, sauran kamfanonin ƙawancen ma suna girmama katinsa: ƙarin jaka guda, ko kilo 20 inda da nauyi ake awo. Ka san abin da jaka guda ta leshi da mayafai take nufi ana gab da sallah, lokacin da kayan kargo ke makara. Ga zaman jira a filin Bole na Addis Ababa. Mace mai shekaruna, ita kaɗai, ta samu falo ta zauna, ta ci abinci, ta sa wayarta a caji, wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ɗan Kwari: Hajiya, ke sau nawa kike fita a shekara?

Hajiya Mai Leshi: Bakwai, wata shekarar takwas.

Ɗan Kwari: To kin gani. Ke katin ne ya zo ya same ki. Ni mai fita uku ko huɗu, ni ke bin sa a guje.

Injiniya daga Atlanta: Baba Alhaji, ina bayanka, amma dalilina daban. Tun da American Airlines ta buɗe shirinta na tara mil, AAdvantage, a 1981, da nisan tafiya ake auna mutum. Yanzu an juya. Delta, wadda hedkwatarta ke nan garin da nake, ta sanar a watan Satumban 2023 cewa kuɗin da ka kashe kaɗai za a riƙa dubawa. Mutane suka yi ca, har shugaban kamfanin, Ed Bastian, ya yarda sun wuce gona da iri, aka rage matakin ƙoli na Diamond daga dala 35,000 zuwa 28,000 a shekara. Amma ma'aunin bai koma na da ba. British Airways ta bi sahu daga Afrilun 2025, zinarenta maki 20,000 ne, fam ɗaya maki ɗaya. Wanda ofishinsa ke saya masa kujerar gaba zai kai cikin 'yan tafiye-tafiye. Mai cire kuɗi daga aljihunsa yana zama a baya, ko ya kwana a sama ba zai kai ba.

Hajiya Mai Leshi: Ɗana, wannan ai ba sabon abu ba ne. A shagona ma wanda ya sayi dila ba ɗaya yake da mai sayen turmi guda ba. Nakan yi masa ragi, in ƙara masa gyara, in sa yaro ya kai masa kaya mota. Wa zai ce na yi zalunci?

Injiniya daga Atlanta: Babu, Hajiya. Sai dai gyararki hannu da hannu ce, mutum ya tafi da abinsa. Mil kuwa alkawari ne, kuma mai alkawarin shi ke da ikon sauya darajarsa duk ranar da ya ga dama. Sannan ba ku ne manyan masu sayen mil ba, bankuna ne. A 2023 kaɗai American Express, kamfanin katin bashi, ta biya Delta kusan dala biliyan 6.8 saboda katunan bashi masu tara mil. Lokacin korona, da jirage suka tsaya, United ta ci bashin dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ta ci biliyan 9, kuma abin da suka jinginar shi ne shirin mil ɗin nan. Wato abin da muke ɗauka kyauta ce, shi ne kadarar da masu ba da bashi suka fi yarda da ita. Har ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike a Satumban 2024 kan manyan kamfanonin jirage huɗu, a kan rage darajar maki da ɓoyayyun caji.

Malama Ummu Yara: Abin da Injiniya ya faɗa ya faru da ni. Shekara uku ina tara mil a wani kamfani da niyyar in kai mahaifiyata Umara. Da na zo cira, sai na tarar adadin da ake nema ya ƙaru, kujerun da ake bayarwa da mil kuma babu ko ɗaya a cikin Ramadan. Ranar tafiyar da kuɗi na saya. A bakin ƙofa kuma aka kira masu kati suka wuce, tsohuwa na tsaye da sandarta. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Hajiya Mai Leshi: Allah ya ba ki haƙuri, Malama, Allah ya karɓi ibadar Mama. Amma a nan akwai hakkin da ba ki nema ba. Tsoho ko mara lafiya ana nema masa keken turawa tun wajen sayen tikiti, babu ruwansa da kati, kuma galibi su ake fara shigarwa kafin kowa. Ni ma in na ga tsohuwa a layi nakan ja ta gabana. Batun tara mil shekara uku kuwa, ban taɓa ba kowa wannan shawarar ba. Da sun isa tikiti nake kashe su.

Ɗan Kwari: Ashe ke ma ba ki amince musu ba, Hajiya.

Hajiya Mai Leshi: Na amince da jakar da ake ɗora mini a sikeli ina kallo. Ita nake karewa tun ɗazu. Ranar da kamfanin da nake hawa ya koma awo da kuɗi irin na Delta, ko ya cire jakar, zan sake zama da biro da takarda.

Ɗan Kwari: To ni dai na yanke. Bana duk wanda ya fi sauƙi shi zan hau, in kaya sun yi yawa in biya kuɗin wuce kilo ko in tura kargo. Zan rubuta kowace tafiya da abin da ta ci. Ke ma ki rubuta naki, Hajiya, bayan babbar sallah mu haɗa takardun biyu a rumfa, Injiniya ya duba mana.

Hajiya Mai Leshi: Na yarda, Alhaji. Amma ka sa har kuɗin abincin da za ka saya a Addis, da kwanakin da kayanka za su yi a hanya.