Shekara shida ban karɓi jibi ba: in ɗaura aure shiru ko in jira kuɗin biki?

Baban Godiya:
Salama, 'yan'uwa. Na yi auren gargajiya shekara shida da suka wuce, na biya sadaki, iyaye sun sa albarka, 'ya'yanmu biyu. Ni ɗan Katolika ne, ita 'yar ECWA ce, kuma tun farko ta ce ba za ta bar cocinta ba, ni ma ban matsa ba. Tun daga nan, da yake ba a ɗaura auren a coci ba, in layin jibi (karɓar Jibin Ubangiji a Misa) ya tashi sai in naɗe ƙafa a wuce ni. Na je rubuta ƙaramar don baftisma, Fada ya karɓa, amma ya ce in zo mu gyara aure, ko da safiyar Talata ce da shaidu biyu. Surukata ta ce 'yarta ba bazawara ba ce da za a ɗaura mata aure ba anko ba shinkafa. Masara buhu 12 na samu bana. In yi shiru kafin Ista, ko in jira kaka mai zuwa?

Maman Rahila:
Ka sa ta a ajin katikisma a yi mata baftisma tukuna. Mace ai cocin mijinta take bi.

Tsohon Katikis:
Mama, ki sake karanta abin da ya rubuta. Wanda aka yi wa baftisma da ruwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba a maimaita masa. Ɗana, izinin Bishop kake bukata, Fada ne zai nema maka. Kai za ka yi alkawarin riƙe bangaskiyarka da yin iya ƙoƙarinka yara su tashi a Katolika, ita kuma sanar da ita kawai za a yi. Ka nemo sabuwar takardar baftismarka daga inda aka yi maka. An yi maka ƙarfafawa kuwa, wato sakramentin tabbatarwa da ke biyo bayan baftisma?

Ladi Mai Ƙosai:
Kada ka jira. Ni da marigayi mijina shekara 14 muna cewa "bayan girbi". Wata shekara kuɗin makaranta, wata shekara jinka ta yoye. Leshin da na saya domin ranar yana ƙasan akwati har yau, kafur ya cinye ƙamshinsa. Duk bikin godiya ni ce a bakin murhu tun asuba, amma ko a zumuntar mata ba a yarda in riƙe muƙami ba, wai ba ni cin jibi. Ya kwanta ranar Laraba, muka aika a kira Fada, aka ce yana ƙauye. Juma'a ya cika. Ba a shigar da gawarsa coci ba, a tsakar gida aka yi addu'a, mutanen da muka ciyar suna tsaye bakin zaure suna duba agogo. Bayan sati uku wata ta ja ni gefe, wai albishir, yanzu tunda ba shi, in na furta zunubi zan iya karɓar jibi. Na je na karɓa. Ko haɗiyewa da ƙyar na yi.

Maman Rahila:
Wayyo Ladi. Allah ya ji ƙansa, ya ba ki haƙuri.

Na Zonkwa:
Wannan ba dokar Ikilisiya ba ce, son zuciyar kwamiti ne. A wurinmu an yi wa irinsa Misa cikakkiya.

Ladi Mai Ƙosai:
To ni a wurinmu ba a yi ba. Ko dai naku yana da ɗa a Abuja?

Direban Kachia:
Ni dubu 15 na kashe gaba ɗaya. Mu tara aka haɗa rana guda, matan zumunta suka dafa, kowa ya koma gida da zobe.

Talatu K.:
Dubu 15 a wace shekara? Ƙanwata bara fom kaɗai dubu 10, ajin shirin aure na wata uku dubu 20, ban da gwajin jini, ga mawaƙa, ga masu ado.

Direban Kachia:
Mawaƙa da ado ke kika gayyato su. Ni ajin ma kyauta na yi.

Ɗan Seminari Jiya:
Dokar Ikilisiya ta 1983, sashe na 848, ta hana a nemi fiye da baikon da hukuma ta ƙayyade, ta kuma hana a tauye wa matalauci sakramenti saboda talauci. Fafaroma Francis ma ya taɓa yin faɗa kan masu manna jerin farashi a coci. Kuma ango da amarya su ne ke ba juna wannan sakramenti, Fada shaida ne a madadin Ikilisiya. Shinkafa ba ta ciki.

Talatu K.:
Ka je ka karanta wa sakataren ofis sashe na 848, ka ga ko zai miƙo fom.

Tsohon Katikis:
Yaro, shekara 31 na yi ina shirya ma'aurata. Ba a kai wa suruka lambar doka.

Ɗan Seminari Jiya:
Baba, da girmamawa, abin da kuka faɗa ɗazu ma daga littafin nan ya fito.

Na Zonkwa:
Wanda ya gudo daga seminari saboda 'yar ƙungiyar mawaƙan coci zai koya mana aure.

Direban Kachia:
Ai shi ya fi kowa sanin darajarsa, ya bar farar riga dominsa!

Baban Godiya:
Na gode duka. Mama Ladi, maganarki ta hana ni barci. Baba Katikis, an yi min ƙarfafawa ina aji biyu na sakandare. Amma tambayata ita ce surukata. Akwai wanda ya ɗaura shiru, ya yi biki daga baya, bai ɓata da dangin mata ba?

Talatu K.:
Kafin ka kai ga suruka, katinka na biyan kuɗin coci cike yake? Mu da muka kai jariri, sai da aka buɗe littafi aka lissafo mana kuɗin shekara uku da na ginin gidan Fada. Uban baftisman ma aka ce ba ya cikin kowace ƙungiya, mu canjo wani.

Maman Rahila:
Da me za a sa wa babur ɗin katikis mai in ba a biya ba? Ƙauyuka fiye da goma yake zagawa.

Ladi Mai Ƙosai:
Katinmu bai taɓa tsallake wata ɗaya ba, Mama. Yana nan cikin akwati tare da leshin.

Na Zonkwa:
Gidan Fadan nan tun ina saurayi ake karɓar kuɗinsa, har yau bai wuce linta ba. Wa ke riƙe da littafin ma?