Fawa-baik: wane suna za mu raɗa masa da Hausa?

Jama'a ku taya ni neman suna. Baburan nan masu ƙugi da ake gani jefi-jefi a titunan Birnin Kebbi, waɗanda mahayinsu ke kifa ciki kan tanki, irin su Kawasaki Ninja da Yamaha R1, har yau ba su da sunan Hausa. Samari fawa-baik suke cewa, dattawa kuwa sai dai "mashin ɗin yaran nan".

Na ga masu rubuta "babur ɗin wasanni". Wannan kam ban karɓa ba. A kunnen Bahaushe wasa abu ne da ba ya kisa, shi kuwa R1 injinsa cc 998 ne (cc shi ne ma'aunin girman inji), ƙarfinsa ya kusa doki 200, a cikin daƙiƙa uku ko makamancin haka ya kai gudun kilomita 100. Boxer da 'yan kabu-kabu ke hawa cc 100 ce, ƙarfinta bai kai doki 10 ba. Ina wasa a nan?

"Babur ɗin tsere" ya fi kusa da gaskiya, don daga filin tsere aka samo ƙirarsa. Matsalarsa ɗaya, sunan da kansa zuga ne. Ka ce wa yaro ɗan shekara ashirin ga babur ɗin tsere, ai ka gama faɗa masa abin da zai yi da shi tsakanin Birnin Kebbi da Jega, hanyar da ke da rairayi a gefe, ga shanu na tsallakawa, ga motocin albasa daga Aliero. Aliero ɗin kuma ba albasa kaɗai ta yi suna a kai ba, har da ɗori.

Wani dattijo daga Argungu ya aiko cewa a kira shi ingarma. Wani bakanike a Jega ya yi gardama: "Malam, wanga suna bai rufe su duka ba. Ƙaramin ciki fa, mi za mu ce mishi?" Ya yi gaskiya, kuma gardamar tasa ce ta warware mini matsalar. Suna biyu muke buƙata. Daga cc 600 zuwa sama ingarma, daga 250 zuwa 400 duƙushi.

Amfanin haka shi ne sunan zai yi wa mai saye nasiha tun kafin ya biya kuɗi. Babu mai ɗora sabon mahayi kan ingarma. Wanda zai fara, ya nemi duƙushi: Honda CBR300R mai cc 286, ko Yamaha R3 mai 321, ko Ninja 400 mai 399. Kada a raina su, kowannensu ya ninka Boxer ƙarfi sau uku ko fiye. Sai dai suna da sauƙin nauyi, kuma in hannu ya zarce kan totur suna ba mutum damar gyarawa. Ingarma kafin ka ankara ya ɗaga tayar gaba.

Kuma kada wanda ya shekara goma kan Boxer ya ɗauka ya iya. Giyar waɗannan shida ce, ɗaya ƙasa biyar sama. Birkin gaba na faifai ne, shi ke ɗauke da mafi yawan aikin tsayawa, yatsa biyu sun ishe shi, matsawa ake yi a hankali. Ka damƙe shi gaba ɗaya kan rairayi, taya ta cije, kai da ƙasa. A fara koyo a fili, a iya sakin kuloci da tsayawa kafin a shiga titi. Hular kwano mai rufe haɓa, safar hannu, riga mai kauri, takalmi mai rufe idon sawu, ko da zafin Afrilu ne. Silifa da 'yar shara ba kayan hawa ba ne. Tun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular, lasisin babur kuma shi ne rukunin A.

To, ni dai na tsaya kan ingarma da duƙushi. Saura ABS, na'urar nan da ke saki tana kama birki da sauri don kada taya ta cije, wadda duk mai sayen duƙushi ya kamata ya tambaya ko akwai ta. Bakaniken Jega ya ce "hana-cije". Wa ke da wanda ya fi shi?